SHARHI: Daga Xender zuwa IPv6, wa zai riƙe mabuɗin musayar fayil tsakanin wayoyin Arewa?

A Gagarawa Tasha, garin da ke kan tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru, fim ko wa'azi ko karatun jarrabawa ba ya buƙatar data kafin ya zagaye unguwa. Mutum ɗaya ne zai sauke shi, ko ya biya mai tura fina-finai ya zuba masa a waya, daga nan sai ya bi hannu-hannu ta Xender ko Bluetooth. Haka abin yake a Gumel da Sule Tankarkar, haka yake a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda abin da ke cikin wayoyi yake tsallaka iyaka zuwa Nijar tare da fatake. Wannan ɗabi'a ta ƙara ƙarfi tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025.

Masana kwamfuta suna kiran wannan tsari musaya tsakanin tsara da tsara: na'ura ta bai wa na'ura kai tsaye, ba tare da babbar kwamfutar wani kamfani a tsakiya ba. Sai dai irin wadda ake yi a Gagarawa tana da iyaka, domin dole wayoyin biyu su kusanci juna. Da zarar ɗaya ta koma Kano, sai an bi ta WhatsApp ko Telegram, wato fayil ɗin ya fara sauka a rumbun wani kamfani na ƙetare kafin ya dawo hannun wanda aka aika wa.

Babban dalilin haka shi ne ƙarancin adireshi. Duk na'urar da ke kan intanet tana buƙatar lambar da za a same ta da ita. Tsohon tsarin lambobin, IPv4, wanda aka fara aiki da shi a farkon shekarun 1980, yana da adireshi kusan biliyan 4.3 kacal, alhali mutanen duniya sun haura biliyan 8. Babban rumbun duniya ya raba kasonsa na ƙarshe a watan Fabrairun 2011. AFRINIC, cibiyar da ke rabon adireshi a Afirka daga Mauritius, ta shiga matakin tsuke rabo na ƙarshe a 2020, sannan rigimar shari'a a kan waɗannan lambobi ta kai ga kotu ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya a 2023.

Don su jure ƙarancin, kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, kamar gidan haya mai ɗakuna ɗari da ƙofa ɗaya. Na ciki yana iya fita ya nemo abin da yake so, amma baƙon da ya zo daga waje ba shi da hanyar sanin ɗakin da zai ƙwanƙwasa. Shi ya sa wayoyi biyu suke shan wahalar samun juna kai tsaye, sai manhajoji sun yi dabaru, in dabarun sun gaza kuma su koma ga mai shiga tsakani.

Sabon tsarin, IPv6, ya zo da adireshin da adadinsu ya kai 340 da sifili 36 a bayanta. Da shi kowace waya za ta iya samun ƙofarta. Manyan kamfanonin duniya sun kunna shi dindindin ranar 6 ga Yunin 2012. Ƙididdigar Google tana nuna cewa kusan rabin masu shiga shafukanta a duniya da shi suke zuwa, kuma Indiya da Faransa suna cikin na gaba-gaba. A Indiya, kamfanin Jio ne ya ja ragama bayan ya fara aiki a 2016. Najeriya kuwa ba ta kai ko kashi 10 cikin 100 ba.

Wannan jinkiri yana da farashi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na ofisoshi suka tsaya cik a sassan Najeriya. Saƙon da ɗalibi a Gumel yake aika wa abokinsa a Dutse bai kamata ya dogara da lafiyar wata waya a cikin teku ba. Idan na'urori suna iya samun juna kai tsaye, kuma kamfanoni suna haɗa layukansu a cibiyar musayar intanet ta cikin gida, IXPN, to abin gida zai iya tsayawa a gida.

Amma bai kamata a yi wa sabon tsarin kallon maganin kowace cuta ba. Xender kyauta ce saboda wayoyin suna magana ne ta Wi-Fi ɗinsu. Musaya ta IPv6 kuwa ta layin kamfani take bi, don haka mai aikawa da mai karɓa duk za su ƙona data. Kamfani yana iya bai wa waya adireshi kuma ya toshe duk wanda ya nufo ta daga waje. Idan gwamnati ta kashe turakun sadarwa, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021, babu adireshin da zai yi aiki. Ranar nan irin su Bluetooth da Xender ne kaɗai za su rage.

Akwai kuma batun sirri, wanda ya fi shafar matasa masu bibiyar siyasa. A tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya ƙirƙira a 2001, duk masu musayar fayil ɗaya suna ganin adireshin juna. Cunkoson gidan haya, duk da illarsa, yana ɗan ɓoye mutum a cikin jama'a. Wayoyin zamani suna sauya ƙarshen adireshinsu na IPv6 lokaci-lokaci, amma farkonsa yana hannun kamfani, kuma tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Ke nan hanyar da ke tsakanin bidiyon da aka yaɗa da sunan wanda ya yaɗa shi za ta ƙara gajarta. Ga furodusan Kannywood da satar fasaha ta durƙusar da kasuwarsa, wannan dama ce ta cin moriyar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Ga wanda ya ɗauki hoton aringizon ƙuri'u a rumfar zaɓe, barazana ce. WhatsApp kanta ta san da haka, shi ya sa a 2023 ta ƙara zaɓin ɓoye adireshi yayin kira.

Saboda haka tambayar da ke gaban NCC da Ma'aikatar Sadarwa ta Bosun Tijani ta wuce yaushe za a kunna IPv6. Shin za a bar wayoyi su karɓi haɗi kai tsaye? Tsawon wane lokaci kamfani zai ajiye bayanin wanda ya riƙe wane adireshi? Wa ke da ikon neman wannan bayani, kuma sai da umarnin kotu? Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta kafa hukumar da ya kamata ta amsa biyun ƙarshe a bainar jama'a.

Jigawa tana da bakin magana a nan. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, jihar ta kafa kamfanin intanet na Galaxy a Dutse, wanda daga tushensa aka samar da Galaxy Backbone na tarayya a 2006. Jihar da ta riga saura a wancan karo tana iya sanya IPv6 cikin sharuɗɗan duk kwangilar intanet ta makarantu da asibitoci da sakatariyoyinta. 'Yan majalisar da ke wakiltar masarautar Gumel a Abuja kuma suna iya neman a rubuta ƙa'idar sirri kafin a raba adireshin. Matasan Gagarawa sun daɗe da ƙwarewa a musaya tsakaninsu. Abin da ya rage su tambaya shi ne wa zai riƙa leƙensu idan musayar ta hau layin kamfani.