Kada Mu Sayar da Mangwaron Kaka a Buhun Gawayi

Mai bin hanyar Abuja zuwa Kaduna idan ya tsaya a Jere zai ga tuffa mai sheƙi a cikin leda, wadda akasari daga Afirka ta Kudu ake kawo ta. Zai kuma ga buhunan gawayi jibge a bakin titi. Ni da nake zaune a garin, na san wasu buhunan tsofaffin bishiyoyin mangwaro ne aka sare aka ƙona.

Wanda ake sarewa shi ne ɗan ƙaramin mangwaron gida mai zare. A wajenmu shi ke riga na aure nuna. Tun cikin watan Maris, rana na dukan ƙeya, rumbu ya fara yin ƙasa, shi ke faɗowa yara su tsinta su sha ba da ko sisi ba. Laifinsa a idon ɗan kasuwa shi ne ba ya jure tafiya: kwana kaɗan a kwando ya yi laushi. Shi ya sa mai gona ke cewa gara ya sare shi ya dasa manya.

Turawan Ingila sun bi ta wannan hanya kafin mu. Suna da tsohuwar tuffa mai saurin nuna, Beauty of Bath, da ta fito a 1864. Ita ma ba ta ajiyuwa, kuma tana zubewa da wuri, don haka manyan gonaki suka yi watsi da ita. Sai dai ba ta ɓace ba, domin a Brogdale da ke yankin Kent akwai gonar adana iri ta ƙasa mai nau'in tuffa sama da 2,000. Mu ina tamu? Binta suga, paparanda, ɗan Kamaru, duk a bakin 'yan talla muke jin sunayensu, kuma kowane gari da yadda yake kiran nasa.

Mutanen Kudancin Kaduna ba sa bukatar a yi musu wa'azi kan haɗarin dogara da iri kaɗan. Cittarmu kusan duka tafin giwa ce da yatsun biri. Da annobar ruɓewa ta sauka a 2023, manoman Kachia, Jaba da Kagarko sun ga yadda gona ke ƙarewa cikin 'yan makonni.

Ban hana kowa dasa ɗan aure ba. Kuɗi na ciki. Amma a tambayi duk mai auren bishiya: gindin da yake ɗaura reshen a kai, ba daga ƙwallon na gida ya tsiro ba? Shi ya saba da ƙasarmu da dogon raninmu. Wanda ya ƙarar da shi ya kashe gindin sana'arsa.

Abin yi ba shi da tsada. Ƙaramar hukumar Kagarko ta ware fili, a nemo reshe daga tsofaffin bishiyoyin ƙauyuka, a rubuta sunan kowane da watan da yake nuna. Cibiyar NIHORT, mai binciken kayan lambu da na marmari, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. A gayyato masananta. Masu unguwanni kuma su sa doka: bishiya mai 'ya'ya ba ta shiga ramin gawayi sai an fara ɗebe irinta.