Mazan Jiya Ba Gadi Kaɗai Suka Iya Ba

Jama'a, duk wanda ya bi Titin Katsina daga Barikin Bukavu ya nufi Rijiyar Lemo, ko ya zaga Kasuwar Sabon Gari da dare, ba zai rasa ganin wani tsohon soja a bakin ƙofar wani attajiri da tocila da kulki ba. Mu dai muna tambaya: shin wannan ne iyakar abin da ƙasa za ta yi da mutumin da ta horar shekaru masu yawa?

Abin ya daɗe. Samarinmu da suka yi yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945 sun komo da sanin tuƙi da gyaran mota da shimfiɗa hanya cikin daji, amma da yawansu gadi da masinja suka ƙare. Haka aka sake yi bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Manyan hafsoshi kuwa ba su rasa wuri ba. A 1995 aka ba Janar Muhammadu Buhari shugabancin PTF, ya riƙe ayyukan hanyoyi da magunguna. To, idan janar ya iya, me ya hana samanja?

Ku duba aikin samanja. Shi ke ƙirga mutane da asuba, ya raba aiki, ya lissafa abinci da mai, ya ba da rahoto kan lokaci. Abin da ake nema ga mai kula da aikin gini ke nan: kuɗi kaza, lebura kaza, ranar gamawa kaza. Rashin irinsa ne ya sa ake barin kwalbati da magudanar ruwa rabi da rabi har damina ta ci gidajen talakawa.

Gaskiya ne bariki daban, filin kwangila daban. Birkila ba kurtu ba ne, tsawa ba ta sa shi aiki, kuma sai an koyi awon siminti da karanta zanen injiniya. Amma wannan karatun watanni ne. Akwai cibiyar koya wa masu barin soja sana'a a Oshodi ta Ikko, sai dai ta yi wa mutumin Fagge nisa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Kano ta buɗe irin wannan aji a nan gida, ta kuma sa sharaɗi ga 'yan kwangila su ɗauki waɗanda suka ci jarrabawa. Wanda ya tsare ƙasa da ransa ya isa a ba shi amanar buhun siminti. Allah Ya sa masu iko su ji.