SHIRU-SHIRU BA TSORO BA NE

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta yi kanta a ma'aikatunmu da ƙungiyoyinmu na ɗalibai, watau auna cancantar mutum da ƙarfin muryarsa. Duk wanda ya iya cika ɗakin taro da surutu sai a ce ya iya shugabanci. Wanda kuwa ya ke zaune yana sauraro, yana rubutawa, sai a laƙaba masa sunaye: miskili, mai girman kai, ko lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi. Ran da a ka zo ƙarin girma sai a tsallake shi, a ce ya cika sanyi. Ni a ganina wannan zalunci ne ga mutumin, kuma hasara ce ga jama'ar da a ke yi wa aiki.

Mai karatu ya bi Titin Zariya ya dubi manyan wuraren aikin da ke Gyadi-Gyadi da Tarauni. Ga kotuna, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wanda a ka kafa a 1988. Alƙali na ƙwarai yakan wuni yana sauraron lauyoyi da shaidu, ba ya buɗe baki sai ya tattara hujja. Likita kuwa in bai bar majinyaci ya gama bayani ba, sai ya rubuta maganin ciwon da ba shi ne ba. To, in ran mutum da 'yancinsa sun rataya a kan sauraro, me ya sa idan an zo naɗa shugaban sashe sai a manta da masu kunne, a nemi masu baki?

Abin takaici, wannan ɗabi'a baƙuwa ce a wurinmu. A 1974 Baturen nan Kirk-Greene ya tattara halayen da Bahaushe ke nema wajen mutumin kirki, ya jero gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da sauransu. Babu surutu a cikinsu. A fada ma Sarki yakan rufe baki da amawali, fadawa ne ke amsa gaisuwa a madadinsa. Marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe Kano daga 1963 zuwa 2014, an kuwa san shi da kawaici, amma ba wanda ya taɓa cewa ba shi da kwarjini. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon malamin kimiyyar haɗa sinadarai, ba mai hayaniya ba ne. Duk da haka ya bayyana dukiyarsa a fili a 2007, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da aibu, ya kuma yi wa tsagerun Neja-Delta afuwa a 2009. Masu cika baki nawa ne su ka iya ko ɗaya daga cikin ukun nan?

Masana ma sun gwada abin. A 2011 Adam Grant da abokan aikinsa biyu sun buga sakamakon binciken da su ka yi a shagunan sayar da abinci a Amurka. Sun gano cewa inda ma'aikata ke da himmar kawo shawara, an fi samun riba a ƙarƙashin shugaba mai kawaici, domin yana ji yana ɗauka. Inda kuwa ma'aikata ke jiran umurni kawai, mai yawan magana ya fi. Watau kowane da ranarsa. Ba na cewa magana aibu ce. Ina cewa ne a daina mai da ita ma'auni ɗaya tilo.

Amma ku ma masu kawaici, da sauran magana a kanku. Kada ku fake da hali ku bar fili ga 'yan ba-ni-na-iya. Ku yi shugabanci da abin da ku ke da shi. Kafin taro ku karanta fayil daga bango zuwa bango, domin jimla biyu masu hujja sun fi jawabin rabin awa. Abin da ba ku iya faɗa cikin hayaniya ba, ku rubuta shi ku sa hannu, rubutu ba ya bin iska. Ku riƙa ganawa da na ƙasa da ku ɗaya bayan ɗaya, har masinja da direba, don abin da ba za su faɗa a gaban jama'a ba shi ne sau da yawa gaskiyar ofis. In kun shugabanci taro, ku fara tambayar ƙarami kafin babba ya yi magana ya rufe bakin kowa. In kuma aiki ya yi kyau, ku faɗi sunan wanda ya yi shi.

Sai dai a lura, kawaici yana da iyaka. Akawun da ya ga ana sace kuɗin magani ya yi gum, ba mai kunya ba ne, abokin ɓarawo ne. Nan ne ya kamata a ji muryar mai shiru, kuma da ya ke ba kullum ya ke magana ba, ran da ya yi kowa zai juyo.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne za mu zauna a kujerun intabiyu da kwamitocin ƙarin girma. Mu fara gyara tun daga zaɓen ƙungiya. Kafin mu tafa wa ɗan takara, mu tambaye shi wane aiki ya taɓa ɗauka ya gama, wa ya taɓa saurara har ya sake shawara. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda ya ke da ja, shafin nan a buɗe ya ke, ya ɗauko alƙalami.