Ba Kowace Yarda Ke Wanke Ha'inci Ba



Sau da yawa idan aka kawo ƙorafi gaban shugabannin ƙungiya, amsar wanda ake ƙara guda ce: "Ai da yardarsa aka yi." To, ni a ganina sai mun duba irin yardar tukuna.

Idan dillali ya karɓi la'adarsa a kasuwar Jimeta bai cuci kowa ba, domin kowa ya san al'adar. Idan mai kaya ya tsauwala kuɗi, ka taya, ya sallama, wannan ciniki ne. Amma wanda ya sayar maka da fili da rani, alhali ya san ruwan Binuwai ya malale wurin a ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kuma ya yi shiru, ya ha'ince ka ko da ka biya kana murna. Abin da aka nuna maka shi ka yarda da shi. Shari'ar Musulunci ma ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa.

Haka batun takarda yake. Kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci na taɓa dangwala yatsa a yarjejeniyar haya, sai da damina ta zo na gane an rubuta cewa gyaran rufi a kaina yake. Ashe akwai dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta ce duk wanda ya rubuta musu takarda sai ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta musu, an yi musu bayani, kafin su sa hannu.

Wasu na cewa yawan tambaya ba tarbiyyar baƙo ba ce. Wannan kunyar ta cinye dukiyar magidanta da yawa. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Saboda haka kafin ka biya, tambayi mai unguwa da maƙwabta inda ruwa ya tsaya, ka kuma tafi da mai karanta maka takarda.

Mu ma idan mu ke sayarwa, mu faɗi aibin kayanmu. Allah ya sa mu dace, amin.

Sakataren Ƙungiya