Sandar goge ɗaki: mu sayi mai wankuwa, mu ƙera mai gyaruwa

Duk wanda ya ratsa ta Petit Marché a birnin Yamai, wurin da Zabarmawa ke kira Habu Ganda, ya san cewa gobarar shekarar 2012 ta cinye rumfunan kasuwar, amma ba ta cinye sunanta ba. A shagunan da ke titunan kewaye ana ci gaba da sayar da kayan gida. Ga bokitai, ga tsintsiya, ga sabulu, ga kuma sandunan goge ɗaki ja da shuɗi da kore an jingina su a bakin ƙofa. Tsumman shi ne mutanen Yamai ke ce wa sarfiyer, mai sandar kuwa a Kano ana ce masa mofa. Mafi yawansu daga ƙasashen waje ake kawo su.

Mu ma mun taɓa sayen ɗaya a can, don kyanta ya ɗauki idonmu. Ba a yi wata biyu ba sandar ta lanƙwashe, domin ƙarfenta bututu ne marar kauri. Robar da ke riƙe kan ta tsage. Zaren kuwa an manne shi da robar, ba ya cirewa, ba ya bushewa har ciki, sai ɗoyi ya kama shi. Muka kai wa mai gyara, ya juya ta, ya ce babu inda zai kama. Ta ƙare a kan juji, kuɗinmu ya bi ruwa. Tun daga ranar muke tunani a kan wannan ƙaramin abu, kuma ga ra'ayinmu: sandar goge ɗaki ta kirki ita ce wadda tsummanta ke fita a wanke a shanya a rana, wadda kuma in ta lalace maƙerin unguwa zai iya gyara ta. Irin wannan ba sai an hau jirgi an kawo mana ba. Muna da hannu da kayan da za mu yi ta a gida.

Me ya haɗa tsumma da lafiya?

Wani zai ce, ina ruwan shafin lafiya da tsumma? To, mu dubi yadda muke zaune. A ƙasa muke shimfiɗa tabarma mu ci tuwo. A ƙasa muke salla, a ƙasa da yawanmu ke kwana lokacin zafi. Yaro mai rarrafe kuwa daɓen ɗaki shi ne duniyarsa: ya dafa shi da hannu, ya kai hannun baki. Abin da takalmi ya kwaso daga waje, da kashin kaji, da ƙurar hunturu, duk a nan suke sauka. Ƙwayoyin zawo da ƙwan tsutsar ciki ta wannan hanya suke samun shiga, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙasar Meziko, cikin jihar Coahuila, hukuma ta soma wani shiri a shekarar 2000 na zuba siminti a ɗakunan talakawa masu daɓen ƙasa. Masana suka bi sawun yaran gidajen, suka buga sakamako a 2009. Sun gano cewa inda aka mai da daɓen gida duka na siminti, tsutsar ciki a jikin ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin 100, zawo ya ragu da kashi 49 cikin 100. Dalili a fili yake: siminti yana wankuwa, ƙasa ba ta wankuwa. Ke nan amfanin simintin yana rataye ne a kan abin da ake goge shi da shi.

A nan ne kuma hatsarin yake. Tun a 1971 aka buga wani bincike a kan tsummokaran goge ɗakunan asibiti, aka ga cewa tsumman da aka bari a jiƙe yana zama gidan ƙwayoyin cuta, suna hayayyafa a cikinsa ba iyaka. Washegari idan aka yi shara da shi, sai ya shafe ɗaki da su daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗaki yana ƙyalli, uwar gida ta gamsu, alhali cuta aka raba. Shi ya sa muka ce tambayar farko da mai saye zai yi ita ce: wannan tsumman yana fita?

Abin da waɗansu suka riga mu gani

Waɗanda suka gyara wannan kayan aiki a duniya, matsalar gidajensu suka duba. A Amurka, wani baƙar fata mai suna Thomas Stewart ya sami takardar mallakar fasaha a 1893 saboda wani maƙami na ƙarfe da ya ƙera, wanda ke damƙe tsumma a kan sanda, ya kuma sake shi in ana son canzawa. A ƙasar Sifen, injiniya Manuel Jalón ya ga matan ƙasarsu suna wanke ɗaki a durƙushe, gwiwa na kumbura, hannu na tsagewa saboda ruwa da sinadari. Ya soma ƙera sandar goge ɗaki a birnin Zaragoza a 1956, a 1964 kuma ya fito da bokiti mai kwandon matsewa, yadda mace za ta matse tsumma tana tsaye, ba ta taɓa ruwan datti ba. Mutum ɗaya ya yi tunanin cire tsumma, ɗayan ya yi tunanin gwiwa da hannun mai aiki. Mu ma sai mu dubi namu gidajen: daɓen siminti mai kaushi, ƙura mai yawa, ruwa na saye a hannun ƴan garuwa, rana kuma kyauta.

Gaɓoɓi uku

Sandar goge ɗaki gaɓa uku gare ta, kowace da ƙa'idarta.

Ta farko ita ce sandar kanta. Tsawonta ya kai daga ƙasa zuwa wajen haɓar mai aiki. Idan ta gaza haka, sai an sunkuya, ciwon baya ya biyo. Icce ya fi bututun ƙarfe marar kauri, don ba ya tsatsa, ba ya lanƙwashewa. Miƙaƙƙen reshen dogon yaro ko na turare ya wadatar, a fere shi, a goge shi sumul don kada sartse ya shiga hannu. A huda rami a samansa, a sa igiya, don a riƙa rataye shi.

Ta biyu ita ce kai. Mafi sauƙi shi ne guntun katako mai tsawon santimita 30 zuwa 40, a kafa shi a gicciye a gindin sandar. Sai a yafa tsumma a kansa, ko a huda tsumman a tsakiya a zura shi ta saman sandar ya sauko. Babu roba mai tsagewa, babu abin murɗawa mai lalacewa. Wanda ke son abin da ya fi haka, mai walda zai iya yi masa maƙami da guntun ƙarfe biyu da ƙusa mai murɗi, a shafa fenti saboda tsatsa. Idan aka manna yankin tsohuwar robar taya a bakin katakon, ya zama abin tura ruwa waje bayan wanki.

Ta uku ita ce tsumma. Auduga tana shan ruwa da kyau, tana jure tafasa da sabulu, sai dai tana jinkirin bushewa, don haka kada a yi ta da kauri ƙwarai. Tsohon tawul da tsohuwar rigar auduga daga gwanjo, wato bosho, da ƙyallayen da tela ke zubarwa, duk kayan aiki ne. A ninka biyu, a dalle baki, a bi da ɗinki layi-layi don kada zare ya riƙa zuba. Akwai kuma yadin zamani mai siririn zare ƙwarai da ake kira mikrofiba. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna cewa da ruwan sabulu yana kwashe kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin cuta daga daɓe, na zaren auduga kuwa kashi 68. Ba mu saƙa shi a nan, amma ana samun ƙyallensa a kasuwa, tela kuma zai iya ɗinka shi daidai da kan katakonmu.

Muna ba da shawara kowace sanda a sayar da ita da tsumma uku masu launi dabam-dabam: ɗaya na ɗakin kwana da falo, ɗaya na madafa, ɗaya na makewayi. Na makewayi kada ya taɓa shiga ɗaki, ko da an wanke shi.

Masu ja da wannan magana

Mun san akwai masu cewa na waje ya fi araha. Wani lokaci haka ne a ranar saye. Amma araha ba ta ado. Wanda ya sayi sanda uku a shekara ya fi wanda ya sayi ɗaya yana canza mata tsumma kashe kuɗi. A lissafa kuɗin shekara, kada a tsaya ga na yini. Ba kuma muna cewa duk na waje banza ba ne. Akwai masu ƙwari, masu kai mai cirewa, wanda ya sami irinsu ya saya. Sai dai ya tambayi mai shago ko yana sayar da kan canji shi kaɗai. In babu, to ranar da kan ya mutu sandar ma ta mutu.

Akwai masu cewa iyayenmu da tsumma a hannu suka yi, a sunkuye, ba su mutu ba. Allah ya saka musu da alheri. Amma a tambayi tsofaffinmu labarin bayansu da gwiwoyinsu. A tuna da mai ciki wata takwas, da yarinya ƴar aiki mai goge ɗaki huɗu kowace safiya, hannunta cikin ruwan datti. Mun kuma lura cewa namijin da ke jin kunyar durƙusawa da tsumma ba ya jin kunyar riƙe sanda. Idan sanda za ta sa maigida da samarin gida su kama aikin, wannan ma riba ce.

Akwai kuma masu cewa yawancin gidajen karkara daɓen ƙasa ne, ba ruwansu da wannan zance. Gaskiya ne, daɓen ƙasa ba a goge shi da ruwa. Nasa shi ne a yayyafa ruwa kaɗan, a share da tsintsiya, a hana kaji da awaki shiga, a shimfiɗa wa yaro tabarma mai tsabta. Amma manomi yana da rabo a cikin sana'ar. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro don tare iska, manoma kuma suka riƙa samun sanduna daga sassabe rassansu ba tare da sare uwar itaciya ba. Audugar yankin Gaya da igiyar rama su ma suna da wurin shiga. Sanda daga ƙauye, ƙarfe daga birni, ɗinki daga hannun mata.

Yadda za a yi aiki da ita

Kayan aiki mai kyau ba ya hana a yi aikin banza. A fara da shara, don tsumma ba ya kwashe yashi, taɓo yake mai da shi. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya, ko da ruwan kaɗan ne. A soma daga ƙuryar ɗaki a fito zuwa ƙofa. In an gama, a cire tsumman, a wanke da sabulu, a matse, a shanya a kan igiya cikin rana har ya bushe ƙarau. Kada a bar shi ya kwana a bokiti.

Idan akwai mai zawo da amai a gida, musamman lokacin annobar kwalara irin wadda ta taɓa jihar Maraɗi a 2018 da 2021, sabulu kaɗai bai isa ba. A wanke wurin tukuna, sannan a bi da ruwan jabel. Idan kwalbar ta nuna ƙarfin kashi 2,6 cikin 100, a zuba awo 1 na jabel cikin awo 12 na ruwa. Idan ƙarfin dabam ne, a tambayi ma'aikacin lafiya. Kada a gauraya jabel da wani sinadarin wanki, don hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Marar lafiyar kuwa a gaggauta kai shi likita.

Abu na ƙarshe, kuma kada a manta da shi: a zubar da ruwan bokiti nan take, a kife bokitin. Yaro mai koyon tafiya nauyin kansa yana rinjayarsa, in ya leƙa ya faɗa ba ya iya fitowa, ruwa kaɗan ya isa ya kashe shi. A zuba ruwan a ramin da aka tanada, kada a malala shi a titi ya zama matattarar sauro.

Kiranmu

Muna kira ga kafintoci da masu walda na kasuwar Katako, waɗanda suka saba mai da tsohon ƙarfe tukunya da murhu, su gwada ƙera goma su gani. Muna kira ga teloli da ƙungiyoyin mata su tara ƙyallaye su ɗinka tsummokara, su daidaita awo da masu katako, yadda tsumman wannan zai hau sandar wancan. Muna kira ga masu shaguna na Petit Marché su ba na gida wuri a bakin ƙofa, kusa da na waje, mai saye ya zaɓa da idonsa. Mu kuma masu saye, kafin mu miƙa kuɗi, mu ja tsumman mu ga ko yana fita, mu auna sandar da tsayinmu, mu tambayi kanmu wa zai gyara ta in ta karye. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya.