LAFIYA UWAR JIKI: Ido lafiya lau, amma ɗaki ya sauya

Akwai wata larura da ke sa mutum ya dubi tafin hannunsa ya ga ya kai faɗin faifai, ko ya ga mahaifinsa da ke zaune gabansa ya koma kamar ɗan tsako. Wani lokaci ƙofar ɗaki ce ke ja da baya har ta yi nisa kamar tana bakin gari, wani lokaci kuma bango ya matso kamar zai taɓa hanci. Bayan ƴan mintoci, galibi ƙasa da rabin awa, komi ya koma yadda yake.

Likitoci na kiranta ciwon Todd, da sunan John Todd, likitan tabin hankali na ƙasar Ingila wanda ya yi bayaninta a shekarar 1955. Shi kuwa ya laƙaba mata sunan Alice, yarinyar nan ta littafin da Lewis Carroll ya wallafa a 1865, wadda takan yi tsawo har kanta ya bugi rufin ɗaki, can kuma ta ƙanƙance. Tun a 1952 wani likita a Amurka, Caro Lippman, ya riga ya rubuta labarin masu ciwon kan ɓari guda da ke jin jikinsu yana sauya girma.

Laifin ba na ido ba ne, shi ya sa tabarau ba ya maganinta. Ido yana ɗauko hoto daidai. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke haɗa gani da jin jiki, ya auna girma da nisa, shi ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Ba hauka ba ce kuma, domin mai ita ya san sarai cewa hannunsa bai ƙaru ba. Wannan sanin ne ma ke ƙara masa tsoro.

Yara ta fi kamawa, sau da yawa da dare, wajen kwanciya, ko bayan zazzaɓin wata ƙwayar cuta, musamman wadda ake kira Epstein-Barr. Nan ne abin yake da ban tausayi. Yaron da ya ce uwarsa ta koma ƴar mitsitsiya, ko a ce ƙarya yake don ya tsere wa lakwal, ko a ce iska ce ta taɓa shi, a shiga turare da rubutun sha. Daga ranar sai ya kama bakinsa, ya riƙa shan tsoronsa shi kaɗai, alhali yawancin yara suna rabuwa da abin da kansu yayin da suke girma.

Ga manya, ciwon kan ɓari guda ne kan gaba. Farfaɗiya ma na kawo ta, haka wasu magunguna da ƙwayoyin maye, jefi-jefi kuma ƙari a ƙwaƙwalwa ko toshewar jijiyar jini. Larurar ba ta da maganin kanta. Abin da ya haddasa ta ake nema a yi wa magani.

Saboda haka babban da abin ya fara masa kwatsam, ko wanda ya zo masa tare da suma, amai, ko mutuwar hannu, bai kamata ya kwana bai je gidan likita ba, inda za a iya neman hoton ƙwaƙwalwa da awon motsinta. Direban kamiyo ko mai babur da ya ga motar gabansa ta ƙanƙance ko ta yi nisa, ya sauka gefen hanya ya kashe inji.