MAI KUKAN ƁARAWO YA FARA WANKE HANNUNSA

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ku sani talaka yana iya haƙuri da yunwa, amma ba ya haƙuri da ya ga an cinye haƙƙinsa ana yi masa dariya. Wannan shi ke fid da jama'a kan titi.

Abin ba yau ya fara ba. Mu Sakkwatawa mun fi kowa sani. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya lissafa laifukan sarakunan zamaninsa: karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da alƙalai masu fifita mai dukiya, da ƙwace kayan 'yan kasuwa. Irin wannan zalunci yana cikin abin da ya tara manomi da makiyayi bayansa, har anka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804.

To amma ku lura. Wajen 1807 ƙanensa Malam Abdullahi ya ga son mulki da dukiya sun shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar. Sai ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, ya tsaya Kano, inda ya wallafa Diya'ul Hukkami don koya wa shugabanni adalci. Ashe cutar da kake yaƙa tana iya kama ka!

Haka munka gani a zamaninmu. A Janairun 2012 litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141, jama'a sunka fito suna cewa a fara kama ɓarayin kuɗin tallafi. Majalisar Wakilai ta sa Farouk Lawan shugabancin bincike, amma a 2021 kotu ta ɗaure shi kan karɓar toshiyar dala 500,000 a cikin wannan aiki. A Agustan 2024 kuma anka yi zanga-zangar tsadar rayuwa. Kukan gaskiya ne, amma a Kano wasu sunka fake da shi sunka wawashe kayan jama'a. Don Allah, ina bambancinsu da wanda suke zagi?

Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, bai ware ƙarami ba. Kai ɗalibi mai satar amsa, wane irin alƙali za ka zama gobe? Kai uba mai sayar da ƙuri'a kan taliya da sabulu, wa za ka kai ƙara in asibiti ba magani?

Ba mu ce a yi shiru ba. Gaya wa shugaba gaskiya wajibi ne. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu gyara mudun awonmu da tarbiyyar 'ya'yanmu, sannan muryarmu ta yi nauyi.

Allah Ya ba mu shugabanni adalai, Ya sa mu cancance su. Wassalam.